Seishun no Satsujinsha ko Tattoo Ari: wanne ya kamata ka fara saya?

Ɗan'uwa, cikin fina-finan Japan biyun da ka ambata, ɗauki Seishun no Satsujinsha. Duka ina da su, amma shi kaɗai nake komawa.

Fim ɗin farko ne na Kazuhiko Hasegawa, ya fito a 1976, kuma mujallar Kinema Junpo ta ba shi na ɗaya a shekarar. An gina shi a kan gajeren labarin Kenji Nakagami, wanda shi ma ya samo daga abin da ya faru a garin Ichihara na lardin Chiba a 1974: saurayi ya kashe iyayensa saboda sun ƙi yarinyar da yake so. Yutaka Mizutani ne ya fito a Jun, wato saurayin, Mieko Harada kuma a Keiko, yarinyar da ba ta ji da kunne ɗaya.

Ranar da na fara kallonsa ni da ƙanena ne, da dare, an ɗauke wuta, cajin kwamfutar na ta raguwa. Muka iso wurin da uwar ta dawo daga cefane ta tarar da mijinta cikin jini. Na ɗauka ihu za ta yi. Sai ta shiga lissafin yadda za su ɓoye gawar, ita da ɗanta su gudu su bar Keiko. Ƙanena yana riƙe da kofin shayi, har ya huce bai kai baki ba. Etsuko Ichihara ce ta yi uwar, kuma wallahi saboda ita kaɗai kuɗinka bai faɗi banza ba. Daga baya Jun ya je shingen 'yan sanda kusa da filin jirgin Narita ya ce shi ya kashe iyayensa, suka kore shi kamar mai wasa. Wannan wurin ya daɗe yana damuna.

Tattoo Ari na Banmei Takahashi, 1982, labarin mutumin da ya yi garkuwa da mutane a wani banki a Osaka a 1979 ne, har mutum huɗu suka mutu a hannunsa. Ryudo Uzaki, wanda ya fito a mutumin, ya yi ƙoƙari, ba laifi. Sai dai ba labarin masoya ba ne, namiji ne ke dukan mace, kuma tashin hankalin cikin bankin kusan ba a nuna shi. Sau ɗaya na kalla.

Duka biyun akwai tsiraici da jini, kada ka kunna a falo gaban yara.

Ka kuma kiyayi masu turawa a waya. Wani ya rantse mini cikakke ne, na biya, na isa gida na tarar fassarar da ke rubuce a ƙasan allo ta wani fim ce daban. Kafin ka miƙa kuɗi, sa ya kunna maka a gabanka, ka ja zuwa tsakiya ka ga ko rubutun na tafiya da bakin masu magana.