Spark Booster a gidan biki: yadda jitata ta daina kukan sauro

Baba mai kalangun ƙungiyarmu ne ya fara faɗa mini gaskiya. Mun tashi daga wani kamu a bayan Ƙofar Marusa, ina tsugune ina naɗe wayoyi, ya tsaya a kaina ya ce, "Ɗana, yatsunka ba laifi. Amma jitar nan taka kukan sauro take yi. Ana jin ta, ba a ƙoshi da ita." Na yi dariya saboda girmansa, na ce, "To Baba, za a gyara." Maganar ba ta bar ni na yi barci ba a daren.

Ni tela ne, shagona yana wajen Ƙofar Ƙaura. Jita kuwa daga memorin waya na koye ta, ina sauraron 'yan Agadas ina kwaikwayo a ɗaki har maƙwabta suka gaji da ni. A Katsina masu kaɗa jitar lantarki ba mu da yawa, fiyano ce sarauniyar biki, don haka wanda zai ba ka shawara kan kaya ma wuya yake. Jitata ƙirar Stratocaster ce ta gwanjo, daga Sabon Garin Kano, mai siraran maganaɗisu uku masu ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiya. Amfilifayar kuma ta taransista ce, wat 40, lasifika ɗaya mai inci 10. Duk abin da zan faɗa a nan da waɗannan kayan na gwada shi, kuma wannan yana da muhimmanci fiye da sunan fedar kanta, wato Spark Booster, ɗan akwatin gyaran sautin jita da ake takawa da ƙafa.

Kuskurena na farko, na ɗauka kauri da ƙara abu ɗaya ne. Na sayo wani ɗan akwati rawaya marar suna, mai maɓallin murɗawa guda, wanda mai shagon ya ce kwafin LPB-1 ne. Ita LPB-1 ta asali tsohuwa ce, kamfanin Electro-Harmonix na birnin New York ya fito da ita a 1968, taransista ɗaya tal ce a cikinta, aikinta ta ɗaga ƙarfin sautin jita kafin ya shiga amfilifaya. Na taka nawa a gida, sauron nan ya zama sauro mai lasifika. Tsinkakken kunu ne aka juye a babban kwano: ya cika ido, bai ƙara kauri ba.

Sai daga baya na gane dalili. Turawan da ake gani a YouTube suna taka busta, wato irin wannan fedar mai ɗaga ƙarfin jita, sauti ya cika ya yi nauyi, yawancinsu amfilifaya mai kwalaben wuta suke amfani da ita. Irin wannan idan ka tura mata sauti da ƙarfi, a hankali take matse shi, ta ɗan dusashe kaifinsa, ta ƙara masa zaƙi. Ashe kaurin daga amfilifayar yake fitowa, fedar tsokana kawai take yi. Tawa ta taransista ba ta san wannan wasan ba. Tana nan garau har ka kai ta iyaka, daga nan sai ta yage, ka ji kamar ana keta sabon yadi. Mu nan kuwa ina muka ga mai kwalabe? Sau da yawa ma kai tsaye ake cusa jitar cikin miksar mai haya.

To ina kaurin yake zaune? Tsirkiya mafi kauri a jita tana kaɗawa wajen sau 82 a daƙiƙa, wato 82Hz. Abin da kunne ke ji a matsayin jiki da tsoka yana sama da nan kaɗan, daga wajen 200 zuwa 800. Ƙasa da haka filin ganga ne da hannun hagun mai fiyano. Can sama, daga 3,000 zuwa gaba, nan sauron Baba yake sheƙa. Siririn maganaɗisu irin nawa yana da yalwar sama, tsakiyarsa a rame. Masu jita ƙirar Les Paul, mai tagwayen maganaɗisun da Gibson ya fara sawa a 1957, su da kaurinsu suke zuwa. Kenan ba ƙarin ƙara nake nema ba. Abin da zai cika mini tsakiya ya rage kaifin sama nake nema.

Na ɗauki ranar Lahadi guda na tafi Kano wajen wani abokina da ke kaɗa wa coci jita a Sabon Gari, yana da allon fedoji cike. Ya fara ba ni Tube Screamer, korayen nan na Ibanez da suka fito tun 1979. Tana tura tsakiya wajen 720Hz, tana yanke ƙasa, tana kuma ɗan dagula sautin. A cikin taron kaya tana ratsawa kamar allura, ba musu. Sai dai kiɗanmu yana son tsirkiya ta fito tas, kowane ɗan yatsa a ji shi, ita kuma da ƙurarta take tafe. Sannan EP Booster ta Xotic, 'yar firit da ita, maɓalli ɗaya, an gina ta bisa firiyam, wato sashen da ke fara ɗaga sauti, na tsohuwar na'urar amsa-kuwwa ta kaset mai suna Echoplex EP-3. Wallahi ta yi mini daɗi, tana sa wa sauti wani ɗumi tun ba ka murɗa komai ba. Amma kuɗinta ya fi ƙarfin aljihun tela, kuma maɓallan gyaran sautinta a ciki suke, sai ka kwance bayanta. Wa zai nemi sukudireba a tsakiyar dina? Abokin nawa ya kuma gargaɗe ni kada in ga kalmar busta in afka wa kowace: akwai masu ƙara sama zalla, jikokin Rangemaster ta Ingila, waɗanda aka yi domin amfilifaya mai duhun sauti. Da na sayi irin wannan da Baba ya kore ni daga ƙungiya.

Spark Booster ta TC Electronic, kamfanin ƙasar Denmak, ba a shago na same ta ba. Wani makaɗi a Maraɗi ne ya ce zai sayar da tasa, muka yi ciniki ta WhatsApp. Ana saura kwanaki ya aiko aka yi juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka rufe iyaka. Feda ta zauna a Maraɗi, ni ina Katsina, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Sai bayan an buɗe a Maris na 2024 wani direba ya shigo mini da ita ta Jibiya, a naɗe cikin ledar biredi. Kuɗin biki biyu na ba da, har da ɗan ciko daga ɗinkin sallah.

Ƙarfe ce, tana da nauyi a hannu. Maɓallan murɗawa huɗu: Gain, Level, Bass da Treble. A tsakaninsu akwai ɗan makunni mai matsayi uku, an rubuta Fat, Clean da Mid. Tana iya ɗaga sauti har desibel 26, wanda ni ban taɓa kusantar rabinsa ba. Idan ka kashe ta, sautin jitar yana wucewa kai tsaye ba ta taɓa shi. Batir mai bolt 9 take ci ko adafta, kuma noti ɗaya ne babba a ƙasanta, da kwabo ma za ka buɗe.

Ɗan makunnin nan shi ne kuɗin da na biya. A Clean, jitarka ce dai aka ɗaga. A Mid, tsakiya ke turowa gaba, sautin ya ɗan matse kamar mai magana ta hanci, amma ya huda kowane hayaniya. A Fat kuwa, ranar da na fara ji sai da na ajiye jitar na leƙa bayan amfilifaya, don na zaci wata aka canza mini. Tsirkiyoyin sama guda biyu, waɗanda a da suke fita kamar waya, suka yi jiki. Salon 'yan Agadas yana da yawan bugun yatsa da fizgewa a kan tsirkiya ɗaya yayin da wata ke gunji a ƙasa. Waɗannan ƙananan bugun su ne suke ɓacewa a da, yanzu kowanne yana tsayawa da ƙafarsa.

Daɗin ɗaki ya kusa kai ni ƙasa. Na saba a gida ina sa Fat, in murɗa Bass har wajen ƙarfe 3 na agogo, in ji ƙirjina yana amsawa. Haka na ɗauke ta na tafi wata dina a GRA. Muna fara kiɗan shigowar amarya sai komai ya cakuɗe, jitata da bes ɗin fiyano suna kokawa a wuri ɗaya, ba a jin ni ba a jin shi. Mai fiyano, wanda ya girme ni da shekara biyar, ya harare ni ya ce, "Kai ƙane, ka fita daga gonata." Na ce, "Yi haƙuri Yaya," na sunkuya na mai da Bass tsakiya, na ture makunni zuwa Mid. Nan take jitar ta fito fili. Da ni kaɗai ne a ɗaki da na ce sautin ya rame, amma a cikin kaya shi ne mai kaurin.

Yanzu ga inda na tsaya. Idan mu uku ne, ni da kalangu da mawaƙi, Fat nake sawa, Bass a ƙarfe 12, Treble a ƙarfe 10 don in danne sauron, Gain a ƙarfe 9 kawai. Idan cikakkiyar ƙungiya ce sai Mid. Level kuma ina daidaita shi yadda in na taka, ƙarar za ta ɗaga kaɗan ne, ba ta firgita mai miksa ba. Gain ɗin idan ya wuce rabi yana fara kawo 'yar ƙura mai daɗi, kuma ita fedar ce ke yin ta, ba amfilifayar ba, shi ya sa ba ta yagewa. Wanda yake da wata fedar dagula sauti ya lura da jeri: busta a gabanta ƙura take ƙarawa, a bayanta ƙara take ƙarawa.

Akwai abin da ba ta iyawa, kuma ba laifinta ba ne. Siririn maganaɗisu yana kwasar gurnanin wuta, ita kuma duk abin da aka ba ta shi take ɗagawa, har gurnanin. A kan janareton gidan biki, kusa da fitilun ado, sai ka ji zuuu tsakanin waƙa da waƙa. Maganina biyu ne: in sa makunnin jitar a matsayi na 2 ko na 4, inda maganaɗisu biyu ke haɗuwa su kashe gurnanin juna a jitata, sannan in yi amfani da batir maimakon adaftar kasuwa. Batun adafta kuwa, a kula. Fedoji irin waɗannan bolt 9 suke so, kuma tsakiyar bakin wayar nagetif ne. Adaftar fiyano da yawa bolt 12 ne, tsakiyarsu fozitif, bakin kuma yana shiga daram. Da hannuna na kashe ɗan akwatina rawaya ta haka a wani wuni a Daura, ina gaggawa cikin duhu. Ƙauri kawai na ji.

Ba za ta mai da lasifika mai inci 8 ta zama babba ba, ba kuma fedar masu kiɗan rugugi ba ce. Akwai ƙanwarta, Spark Mini, mai maɓalli ɗaya da desibel 20, amma ba ta da Bass da Treble da makunnin nan, su ne kuwa dalilin sayen ga mai kaya irin nawa. Wanda bai sami babbar ba, ni da zan ba shi shawara, ya nemi Boss GE-7. Ba busta ake kiranta ba, amma tana da sanduna bakwai daga 100Hz zuwa 6,400, kowanne yana hawa ko sauka desibel 15. Ɗaga na 400 da na 800 kaɗan, sauke na 3,200, ka sami rabin abin da nake ba da labari, kuma za ka koyi inda kowane sauti yake zaune da kunnenka. Wanda kuma kullum miksa yake shiga kai tsaye ba amfilifaya, firiyam mai kwaikwayon amfilifaya da lasifika ya kamata ya fara nema, busta ta biyo baya.

Hunturun bana ƙura ta shiga maɓallin Level ya fara ƙarar yashi in ana murɗawa. Mai gyaran rediyon layinmu ya fesa masa ruwan wanke maɓalli, ya koma lafiya. Na ɗinka mata jaka da ragowar shadda, ruwan toka, da zif.

Baba bai ce komai a kan jitar ba har tsawon bukukuwa huɗu. A na biyar, a Ƙofar Sauri, muna tsakiyar kiɗa na taka fedar na shiga nawa, sai na ji ya sassauta kalangu ya bar mini fili, abin da bai taɓa yi ba. Da muka tashi ya taɓa ta da kan takalminsa ya ce, "Wannan 'yar, nawa take cin batir?"