Katin Inshorar Lafiya a Zariya: Abin da Yake Biya da Inda Yake Cijewa

Zariya gari ne na masu albashin tarayya. Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), asibitin koyarwa na Shika, kwalejin tuƙin jirgin sama, cibiyoyin bincike na Samaru da Basawa, duk ma'aikatansu suna ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2005 da sunan NHIS, ta koma NHIA bayan dokar 2022. Ɗalibai suna da nasu tsarin. Ma'aikacin jiha da ɗan kasuwar Sabon Gari kuwa, ƙofarsu ita ce KADCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kaduna. Za mu auna katin ne kamar kowace haja: me ka biya, me aka ba ka, kuma wa za ka riƙe idan aka gaza.

Rajista ba ta da wuya. Lambar NIN, hoto, takardun haihuwar yara, sai zaɓen asibitin da zai zama naka. A tsarin ma'aikatan tarayya katin yana ɗaukar mai gida da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu da 'ya'ya tara ya lura da wannan tun farko, domin ragowar iyali sai an yi musu rajista daban an biya. Akwai kuma lokacin jira tsakanin rajista da ranar da suna zai fito a jerin asibiti. Wanda ya bari sai cikin matarsa ya shiga wata tara sannan ya je yankar kati, ya makara.

Zaɓen asibitin nan shi ne komai, kuma a nan aka fi yin kuskure. Mutum ya ga Shika babba ce, ya rubuta Shika, alhali yana zaune a Ƙofar Gayan ko Ɗanmagaji. Zazzaɓin yaro da ƙarfe biyun dare ba ya buƙatar farfesa, yana buƙatar wurin da Keke Napep zai kai ka cikin minti goma kuma a sami ma'aikaci a farke. Babban asibiti ana zuwansa ne da takardar turawa idan ciwo ya fi ƙarfin ƙarami.

Ga yadda kuɗin yake tafiya, domin wanda bai gane shi ba zai yi ta zagin ma'aikaciyar jinya a banza. Asibitin da ka zaɓa ana biyansa wani adadi a kan kowane kai duk wata, ka je ko ba ka je ba. Ma'aikatan asibiti suna kiransa kafiteshan. A tsarin tarayya wannan kuɗi ya shafe sama da shekara goma yana naira 750, wato naira 9,000 a shekara, kuma daga ciki za a ga likita, a yi gwajin jini, a ba da magani. Sai a 2024 aka fara taɓa shi, ya kai naira 1,450 a 2025. Tun kafin wannan ƙarin, gwamnati ta bar kasuwa ta yanka wa naira farashi a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kamfanin magunguna na GSK ya sanar da daina sayar da kayansa kai tsaye a Nijeriya, farashin maganin asma da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta ya ninninka. Ɗauki asibiti mai mutum 2,000 a jerinsa: naira miliyan ɗaya da rabi ke shigo masa a wata a tsohon farashi, ga dizal, ga albashi, ga magani da ake sarowa da farashin yau.

Idan gwamnati ta ƙayyade farashi ƙasa da abin da kasuwa take sayarwa, kayan ba ya yin araha, ɓacewa yake yi. Mun gani a gidajen mai shekara da shekaru, haka kuma yake a tagar magani. Shi ya sa kalmar da mai kati ya fi ji ita ce "babu, sai ka saya a waje". Ƙa'ida ta ce mai kati zai biya kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani kawai, amma kashi goma na abin da babu shi a kanta ba wani rangwame ba ne. Mai hawan jini ko ciwon suga, wanda maganinsa na kowane wata ne, shi ya fi jin wannan a jikinsa.

Dabara ɗaya tana rage asarar. Jerin magungunan inshora da sunan asali na sinadari aka rubuta shi, ba da sunan kamfani ba. Idan likita ya rubuta sunan kamfani mai tsada, ka roƙe shi ya rubuta sunan asali. Amlodifin, maganin hawan jini, dai amlodifin ne matuƙar yana da lambar NAFDAC. Idan kuma dole sai an saya a waje, a je famasi mai rajista a karɓi rasit, ba kemis ɗin lungu ba, wanda lasisinsa na ƙananan magunguna ne kawai.

Mataki na biyu, wato na manyan ayyukan asibiti, ya fi daɗi a aljihu, ya fi ɗaci a jira. Tiyata, ganin ƙwararren likita, manyan gwaje-gwaje, waɗannan ba a cikin kuɗin wata suke ba. Asibiti yana yin aiki ya tura takardar neman biya. Kafin a taɓa ka sai an samo lambar izini daga kamfanin HMO da ke riƙe da kai, wato kamfanin da ke shiga tsakanin hukumar inshora da asibiti wajen biyan kuɗi. A nan ake kwana: takardar turawa ba hatimi, sunan da ke kati ya saɓa da na NIN da harafi ɗaya, ko Juma'a ce da yamma layin kamfanin ba a ɗauka. A 2025 NHIA ta umarci kamfanonin su ba da lambar cikin awa ɗaya. Umarni ne mai kyau, amma mai jinya ya riƙe lambar wayar HMO ɗinsa da ta ofishin hukumar, ya kuma san cewa a halin gaggawa magani ake farawa, takarda ta biyo baya. Duk da wannan wahala, nan ne katin yake biyan kansa. Haihuwa ta tiyata guda ɗaya tana iya cinye abin da iyali suka tara a shekara, ta kai ga sayar da akuya ko jinginar da gona.

Ba komai katin yake ɗauka ba. Dashen ƙoda da neman haihuwa ta kwalba suna waje. Hoton CT da MRI raba kuɗi ake yi, wankin ƙoda kuma 'yan lokuta ƙididdigaggu ne.

Babban aibin tsarin a ganinmu shi ne mai kati ba ya da ƙarfin mai saye. A kasuwar Tudun Wada idan mai shinkafa ya tauye maka mudu, gobe kana gaban maƙwabcinsa. A nan kuɗin ba ta hannunka yake bi ba, kamfanin HMO yawanci ta wurin aiki ka gaje shi, ƙa'idar tarayya kuma ta ce sai ka yi wata shida kafin ka sauya asibiti. Da hukumomin za su riƙa buga ranar da suka biya kowane asibiti da yawan mutanen da suka gudu daga gare shi, kuma su riƙa duba farashi duk shekara bisa tsadar magani, da gasa ta yi aikin da kwamitin sa ido goma ba zai yi ba. Cire harajin shigo da kayan haɗa magani da gwamnatin tarayya ta yi a 2024 irin gyaran da ya dace ke nan: a rage kuɗin da ke kan kaya maimakon a umarci mai kaya ya yi asara.

Amma mu faɗi gaskiya, kasuwa zalla ba za ta ɗauki wannan kaya ita kaɗai ba. Idan shiga ganin dama ce, masu ciki da marasa lafiya ne ke zuwa, lafiyayyen saurayi ya ce Allah na nan, asusun ya ƙare kamar adashen da kowa ke son kwasar farko. Dokar 2022 ta wajabta inshora a kan kowa saboda wannan, sai dai wa zai bi mai faci ko mai sayar da rake ya karɓa? Ga marasa hali akwai asusun da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, wanda ke bi ta ƙananan asibitocin mazaɓu. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255. Kuɗin haraji ne, don haka tambayar inda ya shiga haƙƙin kowa ne.

Ga mai iyali da matarsa ke shekarun haihuwa, katin ya cancanci kuɗinsa. Mai ciwon da ke cin magani kullum ya yanka, amma ya ware kuɗin famasi a gefe. Kafin ka rubuta sunan kowane asibiti, je tagar maganinsa da hantsi ranar Litinin, ka tsaya kusa da layin masu kati na rabin awa, ka ƙirga mutum nawa suka fito da leda, nawa suka fito da takarda a hannu.