Na'urar maƙala yatsa ko agogon hannu: wanne za a saya don auna bugun zuciya?

An sha yi mini wannan tambaya, don haka bari in ɗora su a sikeli.

Dukansu da haske suke aiki. Ta yatsa tana tura jan haske da wani da ido ba ya gani ta cikin yatsa, ta auna abin da ya ratsa. Duk bugu ɗaya jini ya ƙaru a jijiya, hasken ya ragu, sai ta ƙirga tazarar. Agogo kuwa galibi koren haske yake haskawa, ya karanta wanda ya dawo daga fata.

Inda suka rabu shi ne motsi. Ka girgiza hannu, ta yatsa sai ta ɗauki girgizar a matsayin bugu, lamba ta yi ta tsalle. Agogo yana da ma'aunin motsi a ciki, manhajarsa kan cire hayaniyar kafin lissafi. Amma mai gudu ya kula, wani lokaci agogon kan bi takun ƙafa ya bar zuciyar. Ni wannan ya fi damuna, domin lambar takan yi kama da gaskiya.

Sanyin yatsa da fentin farce kan rikita ta yatsa. A kuɗi kuwa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Mai jinyar mara lafiya a kwance, wanda ke son ganin yawan iskar oksijin da ke cikin jini ma, ta yatsa ta fi dacewa da shi. Mai motsa jiki da ke bibiyar bugunsa yini guda, agogo.