Crossref ko Zotero, wanne zai fi saurin sa miki DOI?

Malama barka da aiki. Kin ce edita ya dawo miki da takardarki wai sai kin sa DOI a kowane refarens, guda 60 ne kuma dukkansu da hannu kika buga su a Word, shi ne kike tambaya ki bi ta Crossref ko ki sauke Zotero. To duka biyun na yi amfani da su, kuma gaskiya ba aiki ɗaya suke yi ba.

Shi DOI ɗin lambar shaida ce ta dindindin da ake ba takardar bincike ko littafi a intanet, tana farawa da 10, sai ɗigo, sai lambar mai bugawa, misali na Elsevier 10.1016, na AJOL inda mujallunmu na Najeriya da yawa suke 10.4314. Amfaninsa ko mujalla ta tashi daga shafinta ta koma wani, lambar tana nan, ita za ta kai mai karatu sabon wurin, shi ya sa editoci suka nace.

Crossref su ne masu rajistar yawancin DOI na mujallu tun 2000, suna da wani shafi Simple Text Query, kyauta ne ba abin da za ki sauke, kwafe jerin naki kawai za ki yi ki liƙa a akwatin, kowane refarens a layinsa, ki danna, ya dawo miki da su da DOI a jikin waɗanda ya gane. Aikin da zai ci miki yini guda sai ki gama kafin shayinki ya huce. Amma fa kar ki yarda da shi ido rufe, ni ya taɓa ba ni DOI na sharhin da wani ya yi wa littafi a madadin littafin kansa saboda taken iri ɗaya ne, sai da na danna na ga sunan wani bawan Allah daban. Sannan abin da aka ajiye a Zenodo, ma'ajiyar ayyukan bincike a intanet, wato masu 10.5281, rajistarsu tana wajen DataCite ne, wasu masu rajistar DOI daban da Crossref, a can za ki nemo su.

Zotero kuwa manhaja ce, ita ma kyauta. Akwai wata 'yar alama kamar sandar masu dabo a sama, ki liƙa DOI a nan ta jawo miki take da marubuta da shekara da shafuka, in kin haɗa ta da Word ita za ta jera miki komai a salon APA ko duk wanda mujalla ke so. Matsalar dai ita ce jerinki na hannu ba ta san da shi ba, sai kin shigar da guda 60 ɗin nan da kanki, kuma hanya mafi sauƙi ta shigarwar ita ce ki ba ta DOI ɗin da shi ne kike nema tun farko. Kin ga an koma gidan jiya.

Don haka wannan takardar da edita ke jira, Crossref. Ta gaba, ki fara da Zotero tun ranar farko.

Wasu za su fito ba DOI, musamman mujallun sashe na jami'o'inmu da tsofaffin littattafai da kundayen digiri, ki bar su haka ko ki sa adireshin shafin in akwai, don Allah kar ki tambayi ChatGPT ya cike miki, yana iya ƙirƙiro lamba mai kama da gaske wadda ba ta zuwa ko'ina.

In APA bugu na 7 mujallar ke bi, ki rubuta DOI ɗin cikakke ya fara da https://doi.org/ ba tsohon salon doi: ko dx.doi.org ba, kuma ban da ɗigo a ƙarshe, ɗigon nan yakan manne a jikin lambar ya hana ta buɗewa. Ki danna kowanne sau ɗaya kafin ki tura.