Gargaɗi ga mutanen Garwa: a kula da mai gyaran famfon shawa da ke bi gida-gida

Assalamu alaikum jama'ar Garwa, musamman iyayenmu mata da ke wuni a gida. Akwai wani mutum da ke zagawa a kan babur a unguwannin Yelwa, Marware da Pumpumre, da jakar kayan aiki, yana cewa shi plombiye ne, wato mai gyaran famfo. Ba ya zuwa sai da hantsi, bayan maigida ya fita. Ni kayan famfo nake sayarwa kusa da babbar kasuwa, kuma waɗanda ya cuta, a shagona suke ƙarewa, riƙe da ɓarnar a leda.

Salonsa ɗaya ne. A nuna masa shawa tana ɗiga, sai ya kara kunne a bango, ya girgiza kai ya ce: "Hajiya, bututun ciki ne ya fashe. In ba a fasa tayil yau ba, ruwa zai cinye ginin nan." Daga nan ya nemi kafin alƙalami, sefa dubu 25 ko 30, wai zai sayo famfo ɗan Faransa, a tura ta waya zuwa lambar wani ɗan'uwansa. A wasu gidajen ba a sake ganin ƙeyarsa.

Inda ya dawo kuwa, nan ne abin ya fi ƙona min rai. Yakan zo da kwali mai kyau da babban suna a jiki, amma abin da ke ciki zamak ne, wani ƙarfe mara ƙwari da aka shafa wa ƙyalli. Ya kwance tsohon famfonku na tagulla, wanda ba abin da ya same shi, ya ce ya mutu, ya jefa a jakarsa. Can zai sayar da shi ko ya ɗaura wa wani gidan a karɓi kuɗin sabo. Zamak ɗin nan in ya sha ruwa sai ya ruɓe ya tsage daga wajen zaren ɗaurinsa, ruwan ya riƙa tsiyaya cikin bango ba wanda ya gani, sai fenti ya fara kumbura a ɗakin da ke maƙwabtaka da banɗakin, ga takardar kuɗin ruwa ta kamfanin Camwater ta zo da nauyi.

Wallahi yawancin ɗigar shawa ba ta kai a taɓa bango ba. In famfon mai murɗawa ne, 'yar robar da ke kansa ce ta cinye, ko kan gaba ɗaya, galibi mai rabin inci. In mai hannu ɗaya ne da ake ɗagawa, kartush ɗin ciki ne, wato abin da ke buɗe ruwan ya rufe, mafi yawa mai milimita 35 ko 40. Yashin da ruwa ke kwasowa in ya dawo bayan an ɗauke shi ne ke karce shi. A rufe ruwa daga mita, a cire hannun, a zaro abin, a sa sabo. Kada dai a bar ɗigar da sunan ƙarama ce, domin ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ya haura lita 10,000 a shekara.

Kafin ku yarda an fasa muku bango, ku tabbata duk famfunan gida a rufe suke, ku tara bokiti a ƙarƙashin shawar, ku duba mita, bayan awa guda ku sake dubawa. In abin da mita ta ci bai wuce na cikin bokiti ba, bututunku lafiya lau yake. Kayan gyara kuma ku aiki ɗanku da tsohon a hannu ya sayo da kansa, ya karɓo rasit. Tagulla tana da nauyi, in an karce ta ciki rawaya ce, zamak kuwa toka-toka. Abin da aka cire naku ne, kada ya fita daga gidan.

Hajiya, don Allah ko ya matsa miki, ki ce sai maigida ya dawo. Wanda ya riga ya tura kuɗi kada ya goge saƙon da ya shigo wayarsa, domin lambar da aka tura wa tana ciki. Ya kai wa jauro ko mai unguwa, su wuce wurin jandarma tare. A tura wa 'yan'uwa na Marwa da Ngaundere, mai irin wannan sana'a ba ya daɗewa a gari ɗaya.