Jami'ar da ta riƙe sunana, da wadda ta ɓatar da fayil ɗina

Ana gab da magariba, ina kicin ina dama kunu, sai wata baƙuwar lamba ta kira ni. A nan Amurka baƙuwar lamba ko 'yan talla ne ko 'yan damfara, har na kai yatsa zan kashe, sai na lura lambobin farko na garin da na yi digirina na biyu ne. Da na ɗaga, muryar wata yarinya ce. Ta ambaci sunana, ta roƙe ni in gyara mata in ba ta faɗe shi daidai ba, sannan ta ce ita ɗaliba ce 'yar aji biyu a tsangayar injiniya, inda na gama shekarun baya. Ta san shekarar da na fita, ta san sashena, ta kuma san na bar jihar na koma wata, abin da ko wasu dangina na Gusau ba su sani ba.

Ba ta fara da maganar kuɗi ba. Sai da ta tambaye ni aiki, ta tambayi wane darasi ne ya fi yi mini amfani bayan na fita, ta ce in ba ta shawara tunda ita ma hanyar take bi. Ni da na ɗaga da niyyar sallamar ta, sai ga ni zaune ina ta zuba, kunu yana hucewa. Can ta ce akwai asusun da makaranta ta ware don ɗaliban da larura ta faɗa wa a tsakiyar zangon karatu, musamman baƙi waɗanda kuɗin ƙasarsu ya karye. Nan jikina ya yi sanyi, domin na ga halin da yaranmu suka shiga bayan an saki naira a 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 cikin watanni, abin da uba ya tanada na shekara ya koma bai isa zango ɗaya ba. Ta fara da dala 100, na ce ya yi mini yawa, ta sauko 25 ba tare da muryarta ta canza ba. Na biya da kati, kafin in wanke kofi rasit ya shigo imel.

Bayan 'yan kwanaki wasiƙar godiya ta zo ta gidan waya, wani ɗalibi ya rubuta da hannunsa. Ƙarshen shekara kuma aka turo rahoto: ga abin da asusun ya tara, ga yawan waɗanda aka agaza wa, ga abin da ya rage. Mu ne muka ce yaba kyauta tukwici, amma a nan na ga an mayar da maganar aikin ofis, da ma'aikata da albashi.

Kada wani ya ɗauka ƙauna ce zalla. Yarinyar biyan ta ake yi a kan awa, bayanaina na buɗe a kwamfutar gabanta, kuma duk tambayoyin nan koya mata aka yi, har da dabarar farawa da babban kuɗi a sauko. Kusan kowace jami'a a nan tana da ofishin da ba shi da aiki sai bibiyar tsofaffin ɗalibai da tara gudummawa. In ka sauya gida suna samun sabon adireshinka daga rajistar gidan waya, in ka sauya aiki suna gani a LinkedIn, shafin intanet na ma'aikata. Dala 25 ɗina ba za ta sayi ko littafi ɗaya ba, sun kuma sani. Sabo suke so hannunka ya yi. Michael Bloomberg, tsohon magajin garin New York, dala 5 ya fara ba jami'ar Johns Hopkins a 1965, shekara ɗaya bayan ya gama. A 2018 ya ba ta dala biliyan 1.8 don tallafa wa 'ya'yan marasa ƙarfi, a 2024 ya ƙara biliyan 1, har mafi yawan ɗaliban likitancinta suka daina biyan kuɗin makaranta. Manyan kyaututtukan nan kuma ba a cinye su. Ana zuba su a jari, a ci wajen kashi 4 zuwa 5 cikin 100 a shekara, uwar kuɗi tana nan. Asusun Harvard ya kai wajen dala biliyan 53 a 2024, kuma abin da ake cirowa daga cikinsa ya fi kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar jami'ar.

To a daidai tsakanin nan nake neman lasisin aikin injiniya, aka ce sai kowace makaranta da na yi ta aika da takardar sakamakona kai tsaye. Ta nan, na shiga shafinta na intanet da daddare, na biya kuɗin da bai kai na cefanen yini ba, washegari takarda ta isa. Ta gida kuwa, ba zan kama sunanta ba don ba ita kaɗai ke da halin ba, shafinta ya karɓi kuɗina lafiya lau, daga nan shiru. Lambar wayar da suka saka a kashe take. Dole na ɗora wa yayana, mutum mai iyali da shago a Tudun Wada, ya rufe kasuwarsa ya hau hanya. Kun san abin da hawa hanya yake nufi a Zamfara yanzu: ba a yin sammako, ba a bari yamma ta yi, kuma Inna ba ta sauka daga darduma sai ya kira ya ce ya isa.

A ofishin farko aka ce masa mai makulli ya tafi ta'aziyya. A na biyu aka ce sakamakonmu na aji uku yana sashe, a sashe aka ce ai tuni an miƙa wa ofishin jarrabawa. Wani ya ce ruwa ya taɓa shiga ɗakin ajiya. Wani kuma ya ja shi gefe ya ce, "Alhaji, ba ƙanen naka a Amurka yake ba? A ɗan ga yara mana, fayil zai fito." Yaya ya kira ni daga gindin wani dogon yaro, ya ce, "Kai, anya ka yi karatu a makarantar nan? Babu wanda ya san ka fa." Na ce, "Yaya, Allah ya huci zuciyarka, don Allah ka ƙara haƙuri." Da wasa ya faɗa, amma maganar ta tsaya mini a rai. Shekarun da na yi ina bin layin ruwa, ina tsayuwa a taga don in ji lacca, ina zaman gida watanni saboda yajin aiki, duk sun tafi ba wanda ya riƙe ko sunana. Takardar ta fito daga baya, bayan wa'adin da aka ba ni ya wuce, na sake biyan kuɗin tantancewa.

Raina bai gama hucewa ba sai ga sanarwa a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu: makaranta za ta yi bikin cika shekaru, kowane tsohon ɗalibi ya kawo gudummawa, na ƙasashen waje an yanka musu nasu daban, da dala. Asusun bankin kuma da sunan mutum ɗaya yake. Fayil ɗina ya ɓace, amma labarin ina Amurka bai ɓace ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Amurkawa suna fara neman ka ne tun ba ka shiga makarantarsu ba. Ɗan maƙwabcina yana ajin kusa da na ƙarshe a sakandare, akwatin wasiƙarsu kullum cike yake da ƙasidu masu sheƙi, domin jami'o'i suna sayen sunayen yara daga kamfanonin da ke shirya jarrabawar shiga jami'a. Suna gayyatar yaro da iyayensa su zo su zaga, a nuna musu ɗakin kwana da laburare, a ciyar da su. Ranar da ya shiga a ba shi riga mai tambarin makaranta, kuma za ka ga tsoho ɗan shekara saba'in sanye da irin rigar nan a kanti yana taƙama. Namu jami'o'in suna ganin ba su bukatar talla tunda masu rubuta JAMB sun fi gurabe yawa. Wannan lissafin bai dace da jiharmu ba. A 2018 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta koka cewa yara 28 kacal suka yi rajistar jarrabawar shiga sakandaren tarayya daga Zamfara. Inda abin ya kai haka, makaranta ce ya kamata ta tashi ta bi yara Anka da Gummi da Shinkafi, ta zauna da iyaye, musamman iyayen 'ya'ya mata.

Sai dai fa tsarin nan nasu yana da cin rai. Tun daga ranar da na ba da dala 25 ɗin nan ban huta ba. Imel, wasiƙa, saƙon waya, sai ranar Talatar nan ta bayar da kyauta da suka ƙirƙiro a 2012, wadda ke biyo bayan bikin godiyarsu na Nuwamba, ranar wayata ba ta yin shiru. Har takarda suka aiko mini mai bayanin yadda zan saka jami'a a wasiyyata, ni da ban gama biyan kuɗin mota ba. Suna roƙon mutanen da har yanzu ke biyan bashin karatun da suka yi a wurinsu, a ƙasar da bashin ɗalibai ya haura dala tiriliyan 1.7. Akwai kuma fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da masu ba da kuɗi wajen ba da gurbi, wanda alfarma ce tsagwaronta, irin wadda muke zagin kanmu a kai. Jihar Kolorado ta hana fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai a jami'o'in gwamnati a 2021, Kalifoniya ta biyo baya a 2024 har da masu zaman kansu.

Na je bikin dawowar tsofaffin ɗalibai da suke yi da kaka. Sanyi, ganga, ƙwallonsu na ture-ture, mutane na gasa nama a bayan motoci, yawancinsa ba wanda zan iya ci. Ina tsaye cikin dubban mutane da kofin shayi mara daɗi, ba abin da nake tunawa sai yammacin Sallah a Gusau, ƙurar dawaki, da hoce da miyar da Inna ke ajiye mini.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mu ba marowata ba ne. Unguwa ɗaya tana gina masallaci da karo-karo. Ana haɗa kuɗin biki, na asibiti, har da na fansa, Allah ya kawo mana ƙarshensa, a tara miliyoyi cikin kwanaki daga hannun mutanen da ba su da na gobe. Wannan asusun da ba a taɓa uwarsa kuwa, ai wakafi ne. Fatima al-Fihri ta gina masallacin Ƙarawiyyin, wanda ya zama jami'a, a Fas ta Maroko a shekarar 859 da dukiyar gadonta, Azhar ta rayu ɗaruruwan shekaru a kan wakafi, kuma Zamfara tana da hukumar zakka da wakafi. Mai tsoron riba ba sai ya kai kuɗin inda suke kaiwa ba: layin shaguna a kasuwar Gusau, gidajen haya, ko gonar shinkafa a Bakolori sun isa su riƙa biya wa yara kuɗin rajista duk shekara.

Amma mu da an ce tara wa makaranta kuɗi, sai a kafa rumfa, a gayyato gwamna da 'yan majalisa, a ba wani digirin girmamawa, mai gabatarwa ya kama lasifika yana shelar miliyoyi. A watse, ba wanda zai sake jin nawa aka karɓa a cikin alkawuran, balle me aka yi da su. Sauran kuma a bar wa TETFund, hukumar gwamnatin tarayya mai tallafa wa manyan makarantu, shi ya sa kusan duk sabon gini a makarantunmu allonta ne a jiki. Aliko Dangote ya gina ɗakunan kwanan ɗalibai a ABU Zariya da makarantar kasuwanci a BUK, Abdul Samad Rabiu ya ba ABU naira biliyan 1 a 2021, Allah ya saka musu. Amma attajirai irinsu nawa gare mu? Malaman makaranta, ma'aikatan jinya, 'yan kasuwa da ma'aikatan banki da za su iya ba da dubu biyu ko biyar duk wata, su ne ba wanda ya riƙe lambarsu.

Jami'ar tarayya ta Gusau da ta Birnin Kebbi a 2013 aka kafa su. Tsofaffin ɗalibansu matasa ne, duk suna riƙe da waya, yawansu bai kai a kasa rubuta su ba. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙauran Namoda kuwa tun shekarun 1980 take yaye mutane, nata sun kai manyan muƙamai. Tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya, ma'aikaci ɗaya mai ɗaga waya, da dokar cewa takardar sakamako ba ta wuce mako biyu, da wannan za a fara.

Na kira sakataren ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗaliban makarantar gida, wanda muka kwana ɗaki ɗaya da shi a aji biyu. Na ce, "Malam, ina da niyyar bayarwa, fiye ma da abin da kuka yanka. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum uku su riƙa sa hannu, a faɗa mana aikin da za a yi, bayan biki a liƙa mana lissafi a zaure." Ya yi dariya ya ce, "Injiniya, ka zama Bature. Kai dai ka turo, Allah zai ba ka lada." Na ce masa kuɗin na nan ajiye, ranar da asusun ya samu ya turo mini lambar. An yi bikin, na ga hotunan rumfa da manyan riguna a Facebook, lambar dai har yau ba ta zo ba.