Ƙunshin HotHands ga mai hawan dutse a hunturu

Mai tasowa daga Sakkwato don hawan dutsen Kwatarkwashi da sanyin safiya ya san yadda yatsu ke sandarewa. Safar hannu kuwa ba ta kama dutse, nan ƙunshin HotHands, wato ɗan ƙunshin ɗumama hannu, ke da rana. Garin ƙarfe, gishiri da gawayi ne a ciki, iska na shiga sai ya ɗau zafi. A yage ledar minti 20 kafin hawa, a jefa shi cikin jakar allin da mai hawa ke shafa wa hannu don kada ya zame, duk ɗibar alli yatsu su sha ɗumi. Ɗuminsa yakan kai awa 10.

Aibinsa: in an bar shi a sarari, iskar hunturu ke kwashe zafin. Kada a ɗora shi kan fata kai tsaye, yana iya ƙona mutum. Sau ɗaya ake morarsa.